Allurar kashe jijiya a tiyatar canjin gwiwa: yadda take aiki, lokacin da take saki, da abin da ake kiyayewa

Tambaya: Mahaifiyata shekararta 68, an sa mata ranar tiyatar canjin gwiwa. Likita ya ce ban da allurar baya za a yi mata wata a cinya da za ta kashe jijiyar ƙafar don rage zafi. Ita tsoronta kada ƙafar ta shanye. Tana da ciwon suga, tana kuma shan maganin tsinka jini. Yaya allurar take, tsawon wane lokaci take ɗauka, me ya kamata mu sani?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a. Kalmar da muke amfani da ita ce ta jawo tsoron, domin duk wanda aka ce za a kashe masa jijiya dole gabansa ya faɗi. Amma ba a yanke komai, ba a ƙona komai. Jijiyar da ake nufi ita ce farar igiyar nan mai ɗaukar saƙo daga gaɓa zuwa laka da ƙwaƙwalwa, daban da jijiyar jini, daban da agara. Saƙon yana tafiya ne saboda sinadarin sodiyam yana kutsawa cikinta ta wasu ƙananan ƙofofi. Maganin da ake zubawa a gefenta yana toshe ƙofofin na wasu awoyi, daga nan jini ya kwashe shi a hankali, hanta ta narkar da shi, ji ya dawo. Lahani mai ɗorewa daga irin wannan allura yakan faru, amma alƙaluman da likitocin barci, wato masu sa barci da kashe jiki a tiyata, suke dogaro da su sun sa shi tsakanin mutum 2 zuwa 4 cikin 10,000. Abubuwan da suka fi wahalar da masu wannan tiyata biyu ne, kuma ba su ake tsoro ba: faɗuwa a kan ƙafar da ba ta gama farkawa ba, da daren da maganin zai saki ba a shirya masa ba.

Canjin gwiwa yana cikin ayyukan ƙashi mafi zafi, ya fi canjin ƙugu. Likita yana tsaga fata ta gaba, ya buɗe jakar da ta lulluɓe gaɓar, ya ture ƙoƙon gwiwa gefe, ya yanke ƙarshen ƙashin cinya da kan ƙashin ƙwauri da zarto, ya ɗora ƙarfe a kan kowanne, da roba mai tauri a tsakani. Zafin ya fi tsanani daga rana ta farko zuwa ta uku. Kuma ba a barin gwiwar ta huta. Ana so mutum ya taka ƙafarsa a ranar aikin ko washegari, ya fara lanƙwasawa da miƙewa, saboda gwiwar da aka bari a kwance tana yin tabo ta ciki ta ƙage, jini kuma yana daskarewa a sha raɓa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda zogi ya hana motsi ba zai iya wannan ba. Wanda aka ɗirka wa mofin, maganin zafi mai ƙarfi, yana gyangyaɗi da amai shi ma ba zai iya ba, haka wanda aka kashe wa ƙafa ɗungurungum. Duk gardamar da likitoci suka daɗe suna yi a kan wace allura ta fi, a nan take: yadda za a rage zafi a bar wa ƙafa ƙarfinta.

Jijiyoyi uku ne suka raba gwiwa tsakaninsu, shi ya sa babu allura guda da ke ɗauke zafinta duka. Gaba da gefen ciki na jijiyar fimoral ne, wadda ke ratsa gindin cinya kusa da babbar jijiyar jini. Ita ce kuma ke juya ƙatuwar tsokar gaban cinya, mai miƙe gwiwa ta riƙe ta idan an tsaya. Bayan gwiwa rabon sayatik ne, wadda ke gangarowa ta bayan cinya ta rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi tafin ƙafa, ɗayan ya zagaya ta gefen waje ya zama mai ɗaga ƙafa sama. Ta ukun, obtureta, ɗan reshe take turawa bayan gaɓar.

Allurar baya ta aikin kansa ce. Ana zuba mililita 2 zuwa 3 na maganin kashe jiki mai suna bufibaken a ruwan da ke kewaye da jijiyoyin baya, ƙasa da inda lakar ta ƙare, sai daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu na awa 2 zuwa 4. Idan ta saki, ta cinya ce ke riƙe da mutum.

Shekaru da yawa allurar gindin cinya aka fi yi, a zuba mililita 15 zuwa 20 a gefen fimoral kanta. Wajen kashe zafi ba ta da laifi. Laifinta tana tafiya da tsokar gaban cinya. Mara lafiya yana kwance yana jin daɗi, ya ɗauka ƙafa ta dawo, ya sauko zai shiga bayi, gwiwa ta lanƙwashe ba zato. Faɗuwa a kan sabuwar gwiwa tana iya farke ɗinki, ta tsinke agarar ƙoƙon gwiwa, ko ta karya ƙashi a gefen ƙarfen, sai a koma ɗakin tiyata.

Wannan ne ya sa aka sauko ƙasa. A tsakiyar cinya ta gefen ciki akwai wani lungu kamar kwararo tsakanin tsokoki, likitoci na ce masa adakta kanal. Babbar jijiyar jinin cinya tana bi ta cikinsa tare da wani reshen fimoral mai suna safinos, wanda aikinsa ji ne kawai. Dab da shi akwai reshen tsokar gefen ciki, wanda ke ɗauko saƙon zafi mai yawa daga jakar gaɓar. Idan aka zuba magani a nan, an riga an wuce inda yawancin rassan motsi suka balle. Wani bincike da aka yi a Denmak aka buga a 2013, a kan mutane masu lafiya da suka ba da kansu, ya auna ƙarfin tsokar gaban cinya: allurar gindin cinya ta rage shi da kashi 49 cikin ɗari, ta tsakiyar cinya da kashi 8. Da alama wannan likitan Mama yake nufi, amma ki tambaye shi ya faɗa miki wacce ce, domin kulawar da ke biyo bayan kowacce daban take.

Ga yadda ake yin ta. Za a sa mata kanula a hannu tukuna, a ɗaura na'urorin awon bugun zuciya da hawan jini da iskar jini. Za ta kwanta rigingine, a ɗan juya ƙafar waje. Kafin allura ta taɓa fata, likita da nas za su tsaya su gwada ƙafar da takardar yarda da alamar da aka zana. Ki gaya wa Mama kada ranta ya ɓaci idan aka tambaye ta wace ƙafa ce har sau uku, domin yin allura a ƙafar da ba ita ba kuskure ne da ya sha faruwa. Sai a goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta a bar shi ya bushe, a ɗora kan na'urar sikanin a tsakiyar cinya. A allo za a ga jijiyar jini baƙa tana bugawa, wata tsoka ta yi mata rumfa, jijiyar saƙon kuma tana ɗan haske a gefenta. Allurar siririya ce, tsawonta santimita 8 zuwa 10, bakinta a ɗan dakushe don ta ture jijiya maimakon ta huda ta, likita kuma yana kallon ta tun daga shigarta har ta isa. Zai ja sirinji baya ya duba ko jini ya biyo, ya tura mililita 1 ko 2 ya ga ruwan ya buɗe wurin da ya dace, sannan ya ci gaba da 3 zuwa 5 a kowane karo, yana ja yana dubawa, har ya kai 15 ko 20. Aikin minti 10 ne, maganin kuma yana kamawa cikin minti 20 zuwa 30. Idan an yi ta kafin allurar baya za ta ji tsini da ɗan nauyi. Abin da ba a so ta haɗiye shi ne zafi kamar jan lantarki da ya harba zuwa ƙasan ƙafa, ko raɗaɗi mai ƙarfi lokacin tura ruwa. Wannan na nuna bakin allura ya taɓa jijiyar, sai a tsaya a ja baya. Haka idan sirinji ya yi tauri ya ƙi turuwa, ba a yi masa dole.

Kashi 8 ɗin nan matsakaici ne. Kwararon a buɗe yake ta sama, don haka idan aka soka allurar can sama kusa da gindin cinya, ko aka zuba ruwa da yawa, maganin yana haurawa ya tarar da rassan motsi. Akwai wanda za a yi wa ta tsakiyar cinya ya tashi da ƙafa kamar wanda aka yi wa ta gindi. Ga kuma tiyatar kanta da kumburi suna raunana tsokar ko da ba a yi allura ba.

Ƙorafin da ya fi yawa bayan wannan allura shi ne gaba lafiya lau, bayan gwiwa kuwa kamar ana ja da ƙugiya. Allurar ta ci, wurin ne ba ya cikin yankinta. A da akan ƙara allurar sayatik, ta kashe bayan gwiwa har da tafin ƙafa da mai ɗaga ƙafa. Illarta biyu: mutum ba ya iya takawa, likitan ƙashi kuma ba ya iya sanin ko aikin nasa ya ja jijiyar gefen waje sai washegari, lokacin da gyara ya fara wuya. A 2012 wani likitan barci a Amurka, Sanjay Sinha, ya fito da hanyar da ake kira iPACK: a zuba mililita 15 zuwa 20 a tsakanin jijiyar jinin bayan gwiwa da ƙashin cinya, inda ƙananan rassan ji suke bi su shiga gaɓar, a ƙyale manyan rassa. Idan ruwan ya karkata waje da yawa, ƙafa tana iya saki na wasu awoyi. Ɗaya hanyar a hannun likitan tiyata take. Kafin ya rufe ciwon yana bin jakar gaɓar ta baya, da gefuna, da ƙarƙashin fata, yana tsira magani wuri-wuri. Likitoci biyu a Sidni ta Ostireliya, Dennis Kerr da Lawrence Kohan, su ne suka buga wannan tsari a 2008, da haɗin rofibaken, ɗan'uwan bufibaken, da maganin kumburi ketorolak da adirenalin. Ingancinsa ya danganta da haƙurin mai yi. Wanda ya tsaya ya bi bayan gaɓar kafin ya ɗora ƙarfe yana samun abin da ake nema, wanda ya watsa shi gaba cikin gaggawa ya yi asarar magani.

Haɗakar likitocin barci da na tiyata mai suna PROSPECT ta tace binciken da aka yi ta fitar da shawara a 2022: farasitamol da maganin kumburi tun kafin aiki ko a cikinsa, allurar tsakiyar cinya sau ɗaya, tsirar da likitan tiyata ke yi a gaɓar, deksametason, wani maganin rage kumburi, miligiram 10 ko fiye ta jijiyar jini sau ɗaya, dangin mofin kuma a ajiye su sai zafi ya fi ƙarfin sauran. Ba su ba da shawarar magungunan ciwon jijiya gabafentin da firigabalin ba, domin jiri da barcin da suke sawa sun fi amfaninsu. Mofin a cikin allurar baya, maikirogiram 100, sun bar shi ga wanda ke kwance a asibiti kuma ba a sami damar yi masa allurar tsakiyar cinya da tsirar gaɓa ba, saboda ƙaiƙayi da amai da riƙewar fitsari da yiwuwar raguwar numfashi. A ganina wannan tsari ya ishi yawancin mutane. iPACK tana nuna amfaninta sosai ne a inda ba a tsira bayan gaɓar da kyau ba.

Sai lissafi, domin duk waɗannan allurai dangin magani ɗaya ne, jini kuma ba ya tambayar wa ya zuba. Ma'aunin da aka saba kiyayewa shi ne miligiram 2 na bufibaken, ko 3 na rofibaken, a kan kowane kilo na nauyin mutum. Ruwa mai ƙarfin kashi 0.2 cikin ɗari yana da miligiram 2 a kowace mililita. Mace mai kilo 60 ke nan tana da miligiram 180 na rofibaken. Tsakiyar cinya ta ci mililita 20, wato 40. Bayan gwiwa ya ci 40. Saura 100, wato mililita 50 ga likitan tiyata. Idan shi ya saba zuba mililita 150 kuma ba su yi magana da likitan barci ba, an zarce ba tare da kowa ya yi niyya ba. Tsoho, da mai ƙaramin jiki, da mai ciwon hanta ko zuciya ko ƙoda, ana rage musu. Idan maganin ya yi yawa a jini, ko ya shiga jijiyar jini kai tsaye, alamun farko su ne leɓe da harshe su mutu, ɗanɗanon ƙarfe a baki, ƙara a kunne, jiri, maganar da ba ta kan hanya. Daga nan jijjiga, sai bugun zuciya ya rikice. Yana iya zuwa nan take, yana iya ɗaukar rabin awa ko fiye, shi ya sa ba a barin mutum shi kaɗai bayan allura. Makarinsa farin ruwan mai ne mai ƙarfin kashi 20, irin su Intralipid, mililita 1.5 a kan kowane kilo ta jijiyar jini, a biyo da ƙari a hankali, tare da iskar oksijin. Kina da damar tambaya ko akwai shi a ɗakin da za a yi allurar.

Yanzu ga wurin da aka fi yin sake. Allura ɗaya ta bufibaken ko rofibaken tana riƙe awa 12 zuwa 18, wani lokaci 24, musamman in an ba da deksametason. Idan an yi ta da ƙarfe 9 na safe, za ta saki tsakanin 9 na dare da 3 na dare. Da yamma Mama za ta kasance tana hira, nas ta kawo ƙwayoyi, ta ce ba ta jin komai a bar su. Wannan shi ne kuskuren. Maganin ba ya janyewa a hankali yadda mutum yake zato. Cikin awa ɗaya ko biyu ana iya tashi daga ba komai zuwa zogin da ke sa babba kuka, galibi da ƙuna kamar wuta. Ciwon yana nan tun safe, kumburi yana ta taruwa, ƙwaƙwalwa ce kawai labari bai kai mata ba. Ƙwayar da aka haɗiya kuma tana buƙatar minti 30 zuwa 60 kafin ta kama, zafin da ya riga ya kafu yana cin magani fiye da wanda aka tare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ta sha magungunan da aka rubuta bisa agogo tun ƙafar tana mace. Idan ta fara jin fata tana tsitstsira ko ɗumi yana dawowa cinya, lokacin neman ƙarin maganin ya yi, kada ta jira. Kafin ta yi barci a daren farko, a san abin da za a ba ta idan ta farka, kuma ya kasance a kusa. Wanda za a sallama a ranar aikin ya karɓi magungunansa a hannu kafin ya bar asibiti.

Farasitamol giram 1 ne duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini, a rage wa wanda bai kai kilo 50 ba ko mai ciwon hanta, a kuma duba kada wani maganin da take sha yana da shi a ciki. Maganin kumburi irin su ibufurofen ko selekoksib yana da tasiri sosai a ciwon ƙashi, amma ga Mama sai likita ya ga awon ƙodarta, domin suga yana taɓa ƙoda a ɓoye, haɗa shi da maganin tsinka jini kuma yana ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Mai gyambon ciki ko raunin zuciya shi ma haka. Dangin mofin, da tiramol da kodin, ana ba da ɗan kaɗan na kwanaki, kuma sun fi amfani minti 30 zuwa 45 kafin motsa gwiwa da lokacin kwanciya. Suna ƙulle ciki, don haka a fara maganin sassauta bayan gida tare da su. Kada a haɗa su da ƙwayar barci. A tsofaffi suna iya kawo ruɗewa, mai minshari da ɗaukewar numfashi a barci kuma a faɗa wa likita tun da wuri.

Wasu asibitoci suna barin siririn bututu a kwararon cinya, a haɗa shi da famfo mai ɗigar da rofibaken mililita 5 zuwa 8 a awa na kwana 2 zuwa 3. Yana taimakon wanda ya daɗe yana shan dangin mofin kafin tiyata, ko wanda ba zai iya shan maganin kumburi ba. Sai dai cinya wurin motsi ce, bakin bututun yana gocewa, sai famfo yana aiki zafi yana ƙaruwa. Ɗan yoyo a bandeji ba abin damuwa ba ne. Ja da zafi da ruwan mugunya a bakin bututun kuwa suna sa a cire shi.

Game da faɗuwa, dokar ɗaya ce ko wace allura aka yi: kada ta sauka daga gado ita kaɗai a awa 24 na farko, ko da fitsari ya matse ta, kuma yawancin faɗuwa a hanyar bayi ake yin ta da dare. Kafin tsayuwa, ta ɗaga ƙafar a miƙe daga kan gado ta riƙe na daƙiƙa 5. Idan ta kasa, ko gwiwar tana saki, sai da takalmin gwiwa mai hana lanƙwashewa da mutum a gefe. Ta zauna a bakin gado na minti ɗaya ko biyu tukuna, saboda jinin da aka rasa da allurar baya suna sa jiri. Ta riƙe abin dogarawa mai ƙafa huɗu ko da tana jin za ta iya.

Fatar da ta mutu ba ta kai ƙara. Ƙanƙara tana rage kumburi, amma a naɗe ta da tawul, minti 15 zuwa 20 a cire, a duba launin fata. Kada a ɗora jakar ruwan zafi. Matashi a ƙarƙashin sha raɓa da idon sawu ake sa shi, dunduniya tana lilo, ba a ƙarƙashin gwiwa ba. Sa shi a bayan gwiwa yana da daɗi, amma yana koya mata zama a lanƙwashe, miƙewar da aka rasa kuma ta fi lanƙwasawa wuyar dawowa.

Maganin tsinka jini ya fi shafar allurar baya. Jijiyar jinin cinya ana ganin ta a allo, in an taɓa ta a danne. Jinin da ya taru a cikin ƙashin baya ba shi da wurin zuwa sai ya matse jijiyoyi. Asfirin shi kaɗai ba ya hana allurar baya. Plavix ana dakatar da shi kwana 5 zuwa 7, wafarin kwana 5 tare da awon jini, Xarelto da Eliquis kimanin awa 72, allurar Clexane awa 12 idan ta rigakafi ce, 24 idan ta magani ce. Kada ta tsayar da kanta, domin dalilin da ya sa aka ba ta, kamar bututu a jijiyar zuciya ko rikicewar bugu, shi zai nuna yadda za a yi. Ku kai kwalin maganin ga likitan barci tun mako biyu kafin ranar. Bayan aiki, sabon ciwon baya mai tsanani, ƙafafu su sake yin nauyi bayan sun farka, ko fitsari da bayan gida su ƙwace, abin gaggawa ne na awoyi.

Suga kuma yana shigowa ta hanya biyu. Deksametason yana ɗaga shi na kwana ɗaya zuwa biyu, sai a yawaita awo a gyara magani. Idan kuma ya riga ya taɓa jijiyoyin ƙafarta, allurar tana iya daɗewa fiye da ta kowa. Ta faɗa wa likita duk inda take jin mutuwa ko ƙuna tun kafin aiki a rubuta, don kada daga baya a rasa sanin tsoho da sabo.

Bayan komai ya saki, za ta iya tarar da wani fili a gefen waje na tabon da ba ya ji. Mutane da yawa suna ɗora wa allura laifi. Wani ƙaramin reshen safinos ne da ke gilmawa ta gaban gwiwa, wuƙa ba ta da hanyar kauce masa. Filin yakan ragu cikin watanni, wani ya zauna, kuma ba ya hana tafiya. Kasa ɗaga ƙafa sama daga idon sawu kuwa magana ce daban. Allurar tsakiyar cinya ba ta zuwa wurin jijiyar gefen waje mai wannan aikin. In ba a yi ta bayan gwiwa ba, ko awa 24 ta wuce, a zargi jan da aka yi wa jijiyar lokacin miƙe gwiwar da ta karkace ciki, ko matsin bandeji, ko madaurin da ake hura wa iska a cinya lokacin aiki. A sanar da likitan ƙashi nan take. Matakin farko sassauta bandeji ne da ɗan lanƙwasa gwiwa.

Zafin da ke ƙaruwa duk da allura da ƙwayoyi ba a bin sa da ƙarin magani sai an duba ƙafar. Ƙwauri ya kumbura ya yi tauri kamar katako, motsa yatsu yana ƙara raɗaɗi, ƙafa ta yi sanyi ko fari: matsin jini ne a cikin tsoka, yana buƙatar likita cikin awoyi. Ciwo da kumburi a sha raɓa bayan kwanaki, ko haki da ciwon ƙirji, gudan jini ake tsoro. Zazzaɓi da ja da ruwa daga ɗinki, ƙwayoyin cuta.

Allurar ba ta wuce kwana ɗaya zuwa uku, zafin gwiwa kuwa yana ɗaukar makonni, ya fi damu da dare da bayan motsa jiki. Masu gashin ƙashi suna neman cikakkiyar miƙewa da lanƙwasa digiri 90 a makonnin farko. Idan zafi ne ke hana ta kaiwa, a koma a gyara magani maimakon a daina motsi, domin gwiwar da ta ƙage sai an sa mutum barci an lanƙwasa ta da ƙarfi, wannan kuma ya fi cin nasara a cikin wata 3 na farko. Kusan mutum ɗaya cikin 5 yana da sauran ciwo bayan watanni, kuma tsananin zafi a kwanakin farko da daɗewa kan dangin mofin kafin aiki suna cikin abubuwan da ke tare da hakan. Idan ta kai wata 3 tana jin ƙuna, ko taɓa fata da zane yana yi mata zafi, wannan ciwon jijiya ne, maganinsa daban da na kumburi, sai a nemi likita ya tura ta wurin masu kula da ciwo mai daɗewa.